Tukuicin Gidan Abinci: Kafin a Tambayi Nawa, a Tambayi Wa Ke Biyan Albashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da mutane da dama suke ɗauka ƙarami ne, alhali a wurin ɗimbin ma'aikata a faɗin duniya da shi ake biyan kuɗin haya, da shi ake ciyar da iyali. Ina nufin tukuicin da ake bai wa masu hidima a gidajen abinci da mashaya, wato ɗan abin da mai ci yake ɗorawa a kan kuɗin abincinsa domin wanda ya tarbe shi, ya kawo masa, ya kuma kwashe kwanukan bayan ya tashi.

Duk inda zancen nan ya taso, tambayar da ake gaggawar yi ita ce nawa ake bayarwa, sai a shiga jera kaso-kaso kamar ana karanta jadawalin haraji. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan, kuma wanda bai yi ta ba zai yi ta kuskure ko da ya haddace jadawalin duniya gaba ɗaya. Tambayar ita ce: wane ne yake biyan wannan ma'aikaci haƙƙin guminsa, mai gidan abincin ne ko kuwa ni da na zo ci? Amsarta tana sauyawa daga wata ƙasa zuwa wata, kuma daga cikinta ne duk ladubban tukuici suke fitowa.

Ban san haka ba sai da na yi kuskuren da har yau yake yi mini nauyi a zuciya. A tafiyata ta farko zuwa Amurka na shiga wani gidan abinci da daddare, wata baiwar Allah da ta manyanta ta yi mini hidima cikin haƙuri, ta bayyana mini abin da ban gane ba a takardar jerin abinci, ta yi ta kai da kawowa har na ƙoshi. Da aka kawo takardar lissafi na biya daidai abin da aka rubuta, na yi mata godiya da baki, na fita ina ganin na sauke abin da ke kaina. Sai washegari wani abokin aiki da ya daɗe a ƙasar ya fahimtar da ni cewa matar nan kusan kyauta ta yi mini aiki, domin abin da ake biyan ta a hukumance bai taka kara ya karya ba, kuma mai yiwuwa ne ma ta ciro daga aljihunta ta ba masu share tebur kasonsu a kan cinikin da na yi, tunda a gidajen abinci da yawa a can ana lissafa wannan kaso ne a kan ciniki, ko baƙo ya bar wani abu ko bai bari ba. Na koma wurin da nufin gyara abin da na ɓata, ban same ta ba.

Ga yadda dokar take. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka shi ne dala 7 da santi 25 a awa ɗaya, kuma haka yake tun 2009. Amma wanda yake aikin da ake samun tukuici a cikinsa, doka ta yarda mai gida ya biya shi dala 2 da santi 13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991. Wannan rangwame ga masu gidajen abinci ya shiga dokar ƙwadago ta ƙasar ne a 1966. Ma'anarsa ita ce wanda ya yi awa 8 a tsaye yana ɗaukar faranti, abin da ya tabbata zai fito daga hannun mai gidansa bai wuce dala 17 da 'yan santoci ba. Gaskiya ne doka ta ce idan tukuicin bai cike giɓin zuwa dala 7 da santi 25 ba, wajibi ne mai gida ya cike, kuma gaskiya ne jihohi da yawa sun ɗaga nasu adadin, har guda 7, ciki da Kalifoniya da Washinton da Minesota, sun ce sai an biya cikakken mafi ƙarancin albashi kafin a zo ga maganar tukuici. Duk da haka ginshiƙin tsarin yana nan yadda yake, wato baƙo ne yake ɗauke da mafi yawan albashin mai yi masa hidima. Shi ya sa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci da ake bari a can suna ne kawai na kyauta, a haƙiƙa bashi ne.

A nan ne nake saɓawa da waɗanda suke cewa su ba za su bayar ba saboda tsarin zalunci ne. Na yarda da su cewa tsarin bai yi adalci ba, kuma zan faɗi dalilaina a gaba. Sai dai wanda ya ci ya sha ya tashi bai bar komai ba da sunan nuna ƙin amincewa, mai gidan abincin ya riga ya karɓi kuɗinsa cif-cif, 'yan majalisar da suka yi dokar ba su ma san ya zo ba, wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne mafi rauni a cikinsu duka. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Wanda tsarin ya dame shi da gaske, hanyarsa ita ce ya nemi gidan abincin da ke biyan ma'aikatansa cikakken albashi ya kai cinikinsa can, ko ya goyi bayan masu neman a gyara dokar, amma muddin ya zauna a teburin da aka san da tukuici ake rayuwa, to ya shiga yarjejeniyar tun kafin a kawo masa ruwa.

Yana da kyau a san inda abin ya samo asali, domin tarihinsa yana bayyana dalilin da ya sa yake da ɗaci a bakin wasu. A Ingila ta ƙarnonin baya, baƙon da ya kwana a gidan attajiri yakan bar wa barorin gidan wani abu idan zai tafi, daga nan al'adar ta bazu zuwa masaukai da gidajen shan gahawa. Sunayen da wasu harsuna suka ba ta sun nuna yadda aka ɗauke ta tun farko: Faransawa suna cewa pourboire, Jamusawa suna cewa Trinkgeld, kuma duka biyun ma'anarsu kuɗin sayen abin sha, wato ɗan abin jiƙa maƙoshi da babba yake miƙa wa na ƙasa da shi. Attajiran Amurka da suka riƙa yawon buɗe ido a Turai ne suka koma gida da ita, ta kuwa samu gindin zama bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, lokacin da masu kamfanoni suka ga dama a jikin baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga bauta. Kamfanin Pullman mai taragwan kwana na jirgin ƙasa ya ɗauki dubbansu aiki a kan albashi kaɗan, ya bar su su nemi ragowar a hannun fasinjoji. Amurkawa da yawa na wancan zamani sun ƙi al'adar, suna ganin ta saɓa wa daidaiton da ƙasarsu take taƙama da shi, har wasu jihohi suka haramta ta, ciki da Washinton a 1909, amma dokokin ba su yi tasiri ba, kuma zuwa 1926 duk an soke su. Abin lura shi ne Turai da ta haifi al'adar ta rage mata ƙarfi daga baya ta hanyar shigar da ladan hidima cikin farashi, ita kuwa Amurka da ta aro ta sai ta gina albashin ma'aikata a kanta.

Saboda haka wanda ya je Faransa zai tarar tun 1987 doka ta wajabta farashin da aka rubuta ya ƙunshi kuɗin hidima, abin da mutum zai bari a kan tebur kuwa ganin dama ne, 'yan sulalla ko ɗan ƙari idan ya ji daɗi. A Jamus mutane sukan cike lissafin zuwa adadi mai kai, ko su ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100, kuma ladabin a can shi ne ka faɗa wa mai hidima jimillar da kake so ya riƙe a lokacin da kake miƙa kuɗin, maimakon ka bar su a tebur ka fice. A Italiya akwai abin da ake kira coperto, ɗan kuɗin zama da ake caji a kan kowane mutum, wanda baƙi da yawa suke zaton na ma'aikata ne alhali na gidan ne. A waɗannan ƙasashe mai hidima yana da albashinsa, don haka tukuici ya koma matsayinsa na asali, godiya.

Japan kuwa ta fita daban. A can ba a bayarwa, kuma wanda ya bar kuɗi a tebur yana iya ganin ma'aikaci ya biyo shi waje da su, yana zaton mantuwa ya yi. Tunaninsu shi ne kyautata wa baƙo yana cikin aikin da aka riga aka biya, ba wani abu ba ne da sai an saye shi dabam. Baƙon da ya nace sai an karɓa yana jefa ma'aikacin cikin jin kunya ne, ko da kuwa niyyarsa alheri ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma matafiyi mai hankali yakan saurari kukan gidan da ya sauka. Na kawo wannan misali ne domin a ga cewa yawan bayarwa ba shi ne ladabi ba a ko'ina, kamar yadda riƙewa ba ita ce tsimi ba a ko'ina.

Masu kare tukuici suna da hujja ɗaya da suke maimaitawa, cewa shi ne yake sa ma'aikaci ya dage, tunda ya san gwargwadon ƙoƙarinsa gwargwadon samunsa. Hujjar tana da daɗin ji, amma bincike bai mara mata baya sosai ba. Farfesa Michael Lynn na Jami'ar Cornell, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan ɗabi'a, ya nuna cewa dangantakar da ke tsakanin kyawun hidima da yawan abin da baƙo yake bari mai rauni ce ƙwarai. Mafi yawan mutane suna bin girman lissafin ne da abin da suka saba, sannan wasu abubuwa da ba su da alaƙa da aiki suna shigowa, har da launin fatar ma'aikacin. Abin da ya fi damuna shi ne halin da mata masu wannan aiki suke shiga. Macen da kuɗin hayarta yake hannun baƙon da take yi wa hidima, idan ya faɗa mata maganar banza ko ya wuce gona da iri, sai ta auna tsakanin mutuncinta da abincin 'ya'yanta kafin ta buɗe baki. Tsarin da yake sa mutum irin wannan awo a kowane dare ba zan iya kiran sa ƙarfafa gwiwa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a gani. Abincin da ya burge baƙo, kuku ne ya dafa shi a cikin zafin kicin, wani ne ya yanka kayan miya tun asuba, wani kuma yana tsaye a kan wanke-wanke har tsakar dare, amma tukuicin yana sauka ne a hannun wanda ya fito gaban jama'a. Wannan rata ce ta sa wani fitaccen mai gidajen abinci a birnin New York, Danny Meyer, ya sanar a 2015 cewa zai daina karɓar tukuici a gidajensa, ya ƙara farashi, ya daidaita albashin na gaba da na baya. Gwajin bai zo da sauƙi ba, domin farashinsa ya zama kamar ya fi na maƙwabtansa tsada a idon mai duba takarda, wasu ƙwararrun ma'aikatansa kuma suka koma inda suke ganin za su fi samu, kuma a 2020, lokacin annobar korona, ya dawo da tsohon tsari. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne gida ɗaya ba zai iya sauya abin da kasuwa duka ta ginu a kansa ba, gyaran sai da doka wadda za ta hau kan kowa a lokaci guda.

Wani wurin da ake yawan rikicewa shi ne kuɗin hidima da wasu gidaje suke rubutawa a ƙasan takardar lissafi. A Landan an saba ganin kashi 12.5 cikin 100, kuma galibi na ganin dama ne, mutum yana iya cewa a cire. Shekara da shekaru baƙi suna biyan wannan kuɗi da zaton na ma'aikata ne, alhali a wasu wurare gidan ne yake riƙe wani ɓangare ko ya zaftare wani abu da sunan kuɗin gudanarwa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Birtaniya ta yi dokar rabon tukuici a 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, ta wajabta wa masu gidaje su miƙa wa ma'aikata dukkan abin da aka bari, su raba shi bisa adalci, su kuma rubuta ƙa'idar rabon yadda kowane ma'aikaci zai iya gani. Amurka ma a 2018 ta hana masu gida da manajoji taɓa tukuicin ma'aikata. Indiya ta bi ta wata hanyar, inda hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta hana ɗora kuɗin hidima a kan lissafi kai tsaye a watan Yulin 2022, kuma babbar kotun Delhi ta tabbatar da hakan a watan Maris na 2025. Abin da ya rage wa mai ci shi ne ya karanta takardarsa da kyau kada ya biya sau biyu cikin rashin sani, kuma idan ya ga kuɗin hidima, babu laifi ya tambayi ma'aikacin a hankali ko yana isa gare su. Matambayi ba ya ɓata.

A mashaya ma bambancin nan yana nan. A Amurka an saba barin dala 1 ko 2 a kan kowane kofi, ko kaso irin na gidan abinci idan an tara lissafin zuwa ƙarshe, kuma wanda ya sha lemo ko ruwa kawai bai fita daga wannan ba, tunda aikin zubawa da wanke kofi ɗaya ne. A mashayun gargajiya na Ingila kuwa, inda mutum yake zuwa kan kanta ya saya ya ɗauko da kansa, ba a sa ran komai, sai dai wanda ya ji daɗi ya ce wa mai zubawa ya ɗauki kofi ɗaya a lissafinsa, shi kuma yakan riƙe kuɗin a madadinsa.

Sabon abin da ya shigo shi ne na'urorin biyan kuɗi da kati, waɗanda ake juyo wa mai saye da fuskarsu ɗauke da zaɓin kaso-kaso, ko da kuwa abin da ya saya a kan kanta ne aka miƙo masa. Wani binciken cibiyar Pew a 2023 ya gano kashi 72 cikin 100 na Amurkawa baligai suna ganin ana neman tukuici a wurare fiye da yadda ake nema shekara 5 kafin lokacin. Ina jin tsoron wannan yaɗuwa saboda dalili ɗaya, wato idan aka gajiyar da mutane da roƙo a kowace kusurwa, fushinsu zai sauka ne a kan mai kai abinci wanda da gaske da tukuicin yake rayuwa. Wanda aka juyo wa na'ura a inda babu hidimar tebur, yana da 'yancin danna babu ba tare da jin kunya ba.

Saura yadda ake miƙawa, wanda a wurina bai gaza adadin muhimmanci ba. Na sha ganin mutum ya ɗaga takardar kuɗi sama don abokan zamansa su gani, ko ya jefa ta a tebur, ko ya riƙa ja wa ma'aikaci rai da ita tun farkon zama yana nuna masa cewa samunsa ya dogara da yadda ya rusuna. Irin wannan ya ba da kuɗi ya karɓe mutunci, kuma abin da ya karɓe ya fi abin da ya bayar tsada. A miƙa a ɓoye, a dubi fuskar mutum, a yi masa godiya da baki, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan jama'a ce ta ci tare aka raba lissafi, wani ya tabbatar kason mai hidima bai faɗi a tsakani ba, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya sa. Idan an yi wa mutum rangwame ko an ba shi wani abu kyauta, ya lissafa tukuicin a kan farashin asali, tunda wahalar ɗauka ba ta ragu ba. Idan kuma hidimar ta yi muni, a fara duba ko laifin na wanda ya kawo ne, domin jinkirin abinci sau da yawa daga kicin yake, ko daga mai gidan da ya ɗora wa mutum ɗaya teburan mutum uku. A irin wannan hali magana da manaja cikin natsuwa ta fi hana tukuici amfani, saboda hanawar ba ta gaya wa kowa abin da ya lalace.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan wannan jarida za ta buga shawarwari ga matafiya da ɗalibai masu fita karatu, a riƙa haɗa adadin tukuicin kowace ƙasa da bayanin yadda ake biyan ma'aikatanta, domin mai karatu ya san lokacin da yake ba da kyauta da lokacin da yake biyan bashi. Da na karanta irin wannan bayani kafin waccan tafiya, da matar nan ta koma gida a daren da haƙƙinta a hannu.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kullum